Wutar Sola a Bakin Titin Mahuta: Ina Za a Kafa Ta, Wa Zai Saye Ta?

Titin da ya taso daga Koko, ya ratsa Mahuta, ya nufi Dabai da Zuru, shi ne babbar hanyar shiga da fitar ƙasar Fakai. Tsawonsa wajen kilomita 87 ne, kuma ya daɗe yana gasa wa direbobi da masu kai amfanin gona kasuwa aya a hannu kafin gwamnatin Kebbi ta Nasir Idris ta ɗauki nauyin sake gina shi, ko da yake na tarayya ne. Wanda ya bi hanyar nan da rani, abin da zai fi cika masa ido shi ne fili dama da hagu, busasshiyar ciyawa da jar ƙasa, rana na dukan su tun hantsi har la'asar. Da an shigo gari kuwa, ƙarar janareta ce ke tashi daga shagon mai walda da rumfar mai cajin waya. Ga fili, ga rana, ga masu neman wuta. To me zai hana a jera farantan sola a gefen titin?

Tambayar tana da tushe, lissafin farko ma yana bayanta. A ƙa'ida titin tarayya yana da haƙƙin mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe, ƙafa 150 ke nan a tsohon awo. Kwalta da kafaɗunta da magudanar ruwa ba su ci ko rabin wannan ba. In aka yanki faɗin mita 10 kawai aka bi shi kilomita guda, an sami hekta ɗaya. Tashar sola ta Haske da ke Kumbotso a Kano, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023, megawat 10 ce a kan hekta 24, wato kowace hekta tana ɗauke da kilowat 400 da 'yan kai. A irin ranarmu kowane kilowat na faranti yakan ba da yunit huɗu ko fiye a yini. Hekta guda ke nan za ta ba da yunit 1,600, abin da zai ishi gidaje wajen dubu masu ƙwan lantarki uku ko huɗu da fanka da talabijin. In kuwa aka ce a bi titin kaf, gefe biyu, lissafin zai haura megawat 70, ninki bakwai na tashar Kano, kusan ɗaya bisa goma na megawat 760 da aka gina madatsar Kainji ta riƙa bayarwa.

Ambaton Kainji yana sosa wa mutanen kudancin Kebbi inda yake musu ƙaiƙayi. Da aka gama madatsar a 1968, dubban mutanen ƙasar Yawuri ne suka bar gonakinsu da gidajensu saboda ruwan tafkin. Babban layin wuta ya tashi daga can ya bi ta jihar zuwa Birnin Kebbi, wani kuma ya ci gaba har Yamai. Amma ƙauyuka da yawa da ke kallon turakun nan ba su taɓa kunna ƙwai da wutar ba, waɗanda aka kai musu waya kuwa sun saba da makonni na duhu. Saboda haka duk maganar da za ta kawo wutar da ake samarwa a gida, a sha ta a gida, ta cancanci a saurare ta da kunnen basira.

Dabarar kanta ba sabuwa ba ce. Tun 1989 aka liƙa farantai a jikin katangar kare ƙarar motoci a wani babban titi kusa da garin Chur a Suwizalan. A 2008 jihar Oregon ta Amurka ta kafa farantai 594, kilowat 104, a filin da ke tsakanin mahaɗar manyan tituna biyu kudu da birnin Portland. Da rana suna zuba wuta a layin kamfani, da dare fitilun mahaɗar suna karɓar madadinta. Jamus ce ta mai da abin tsari: dokarta ta ba da tallafi ga duk tashar da aka gina cikin mita 110 daga babban titi ko layin dogo, aka faɗaɗa zuwa mita 200 a 2021, sannan 500 a 2023. A Koriya ta Kudu, tsakanin Daejeon da Sejong, tsakiyar titin aka yi wa rufin farantai, masu keke suna bi ta ƙarƙashi. Akwai kuma waɗanda suka zarce gona da iri, suka ce kwaltar kanta za a mayar faranti. Faransa ta gwada a ƙauyen Tourouvre a Disambar 2016, kilomita ɗaya a kan Yuro miliyan 5. Taraktoci da ruɓaɓɓen ganye da nauyin motoci suka lalata shi, wutar ba ta kai abin da aka yi alkawari ba, daga baya aka kwashe. Wannan babin an rufe shi, babu dalilin da zai sa mu sake buɗewa.

Abin lura shi ne dalilin da ya sa waɗancan ƙasashe suka koma gefen titi. Fili gare su yana da tsada, manomansu ba sa son a rufe gonaki da gilashi, layin wuta mai ƙarfi yana nan kusa yana jiran duk abin da aka zuba masa, kuma gefen babban titinsu a killace yake. Ba mai tafiya a ƙasa, ba saniya, ba mai talla. Ma'aikatar tituna ce kawai ke biyan kuɗin yanke ciyawarsa duk shekara. Ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai bai zauna daidai a hanyar Mahuta ba.

A fara da filin. Mai kallo daga cikin mota da rani ne yake ganin ba kowa a ciki. A dawo da kaka. Da sassafe mace za ta fito da buhu a ka, ta share kafaɗar kwalta da tsintsiya, ta baza masara ko barkono ko yankakkiyar kuɓewa, ta tokare gefen leda da duwatsu don kada iskar tirela ta kwashe. Ta zaunar da yaro da 'yar sanda yana korar awaki. Can gaba wani ya shanya rogon alabo fari fat, wani yana bugun wake, wata tana sheƙe dawa tana bin inda iska ta nufa. Sun zaɓi wurin ne don shi kaɗai ne busasshen dandali mai tauri da suke da shi, wanda rana ke samu yini guda. Bayan magudanar ruwa kuwa, kunyoyin gyaɗa ko na wake sun zo har gab da ita, domin a ƙasar da aka san Dakarkari da Fakkawa da ƙwazon noma, ba a barin taki ɗaya na ƙasa mai kyau ya kwana banza. Tsaya ka tambayi dattijon da ke wurin, “Baba, wannan filin na wane ne?” Ba zai ce maka na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ba ne. Zai gaya maka sunan kakansa da ya sare dajin tun kafin a zo da maganar titi. A takarda gwamnati ce ke da gaskiya. Amma wanda zai kwana kusa da farantan shekara ashirin da biyar dattijon ne da jikokinsa, ba takardar ba.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne shanu. Burtalin da aka gada, wanda makiyayi ke bi daga mashaya zuwa makiyaya ko daga arewa zuwa kudu in rani ya yi, gonaki da gine-gine sun cinye mafi yawansa a faɗin Arewa. A wurare da dama gefen titi ne burtalin ƙarshe da ya rage. Da damina, lokacin da shuka ta rufe ko'ina, ta nan ne kawai garke zai wuce ba tare da ya taka gonar wani ba. In aka kafa shingen waya na kilomita biyar a nan, shanun ba za su ɓace ba. Ko dai su hau kwalta su haɗu da mota, ko su faɗa gona su haɗu da mai gona. A masarautar Zuru, inda aka ga abin da rashin jituwa da rashin tsaro suka jawo, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ni a ganina ita kaɗai ta isa ta kashe batun jera farantai a tsawon hanya. Wutar da za ta haifar da rigimar manomi da makiyayi ta yi tsada ko nawa ake sayar da yunit ɗinta.

Ga kuma itatuwa. Faranti ba ya shiri da inuwa. Reshe ɗaya in ya rufe wani ɓangare, yakan rage ƙarfin jerin gaba ɗaya. Duk inda za a shimfiɗa sola sai an sare darbejiya da mangwaro da ɗorawa da kaɗanyar da ke kusa, a daidai lokacin da ake roƙon mutane su dasa.

Ko da ba kowa a filin, siffarsa ma matsala ce. Hekta ɗaya in murabba'i ce, mita 100 kowane gefe, shingen mita 400 ya kewaye ta, mai gadi ɗaya a tsakiya yana ganin kusurwa huɗu. Hekta ɗayar nan in aka miƙe ta mita 10 a faɗi, mita 1,000 a tsawo, shingenta ya zama mita 2,020, ya ninka biyar. Wayar tagulla da za ta tattaro wutar ma haka take ƙaruwa, kuma wuta tana raguwa a cikin doguwar waya. Kamar a ba manomi gona ce mai kunya biyar wadda tsawonta ya kai wani gari: yana korar tsuntsu a wannan kai, ana cinye wancan.

Maganar gadi kuwa kowa ya san ta, don shaidarta tana tsaye a bakin titunanmu. Fitilun sola da 'yan majalisa da ƙananan hukumomi suka yi ta kafawa, je ka duba su bayan shekara biyu. Turken yana nan, farantin a samansa ya yi ja da ƙura, akwatin batir a buɗe, murfin yana lilo, an yanke wayoyi biyu an bar bakinsu. Wanda ba a sace ba, batirinsa ya mutu, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin sauya shi, domin kwangilar ta kafawa ce, ba ta kulawa ba. Wannan a cikin gari ke nan, a idon jama'a. Ina ga kilomita goma a daji, a yankin da a Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna ta wajen Sakaba suka kashe sama da 60? Katsina ta riga ta ɗanɗana yadda rashin tsaro ke tsayar da irin wannan aiki. A Lambar Rimi an tsara injinan iska 37 da za su ba da megawat 10. A Disambar 2012 aka sace injiniyan Faransa Francis Collomp da ke aikin, ya kuɓuta bayan kusan shekara, aikin kuwa ya yi shekaru a tsaye.

Sai abokan gaba na yau da kullum. Ƙurar hunturu tana sauka a kan kowane faranti a Arewa, amma na bakin titi yana shan biyu, ta sama da wadda tayoyi ke tayarwa, gauraye da hayaƙin gas mai maiƙo wanda goge-goge ba ya fitarwa sai da ruwa. Ruwan kuwa a watannin da ya fi wuya ake buƙatarsa. Ciyawar da daminar Zuru ke fitarwa tana kai ƙugu, in ta bushe sai ashana ɗaya daga mai farautar gafiya ko guntun taba daga tagar mota. Motar da ta ƙwace daga hannun direba, gefen titi take nufa. Ai don haka aka bar filin tun farko, da kuma don ranar da za a faɗaɗa hanya. Zafi ma yana da nasa: a ma'aunin digiri 25 ake auna ƙarfin faranti, a Maris da Afrilu kuwa fuskarsa tana haura 60, sai ya yi asarar sama da ɗaya bisa goma na ƙarfinsa. Wannan na ƙarshe ba laifin titi ba ne, ko'ina haka yake, amma ya kamata mai lissafi ya sa shi a ciki.

A ce duk an shawo kan waɗannan, an samar da megawat 70 ɗin. Ina za a zuba ta? Ƙananan layukan da ke kai wuta ƙauyuka ba za su ɗauki wannan nauyi ba, sai an gina tashar taransifoma da babban layi. In an gina, wa zai saya ya biya a kan kari? A nan ne manyan ayyukan sola na Najeriya suka maƙale. A Yulin 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, NBET, kan tashoshin da jimillarsu ta haura megawat 1,000, akasarinsu a Arewa. Filaye sun samu, rana tana nan. Gardamar farashi da ta wanda zai tsaya wa masu zuba jari in ba a biya su ba ita ce ta hana a gina su. Maƙwabtanmu na Nijar da suka gina nasu, megawat 7 a Malbaza a 2018 da megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023, a dunƙule suka yi su, a killace, kusa da inda layi yake. Ta Gorou Banda ta yi musu rana sosai bayan da Najeriya ta yanke musu wuta a Agustan 2023 sakamakon juyin mulki. Babbar tasha wurinta ke nan, dunƙulallen fili a gindin babban layi, kuma Kebbi ba ta rasa fako da tsandauri da za a ba ta.

Duk da haka ban ce a bar titin ba. Akwai abin da yake da shi wanda fako ba shi da shi, wato masu saye. Akasarin sana'o'in da ke cin wuta a ƙasar Fakai a bakin titi suke zaune. Mai injin niƙa da mai casar shinkafa, mai walda, mai faci da kwamfaresarsa, mai firjin ruwan sanyi da ƙanƙara, mai aski, tela, kemis mai ajiye allura, mai POS, mai gidan kallon ƙwallo. Waɗannan ba sai an koya musu biyan kuɗin wuta ba. Suna biya kullum, a gidan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Dubi mai walda in an kawo masa ƙofa: sai ya karɓi kuɗin mai tukuna, ya aiki yaro da galan, ya ja igiyar janareta sau uku ko huɗu, ya yi ɗinkin ƙarfen da sauri ya kashe, don kowane minti kuɗi ne. Wutar da yake samu ta wannan hanya ta fi kowace wutar sola tsada nesa ba kusa ba.

Wani abin da ya sa waɗannan mutane suka dace da sola shi ne da rana suke aiki. A duk tsarin sola batir ne ya fi tsada, shi ya fi saurin mutuwa, shi ɓarawo ya fi so. Faranti yana kai shekara 25, batir mai ruwa da ƙyar ya wuce uku ko huɗu a zafinmu, na litiyam ya kai wajen goma. Wutar da aka samar da azahar aka niƙa hatsi da ita da azahar ba ta bi ta batir ba. Ruwan da famfo ya tura tanki da rana, da ƙanƙarar da ta daskare kafin la'asar, su ma ajiya ce da ba ta buƙatar batir. In masu sana'a suka ɗauki kaso mai yawa da rana, kuɗinsu ne zai sauƙaƙa wa gidaje wutar dare. Tashar da aka gina don ƙwan gidaje kawai ita ce ke shan wahala, don duk kayanta sai sun jira magariba.

Saboda haka abin da ya dace da hanyar Koko zuwa Dabai shi ne 'yan ƙananan tashoshi a inda mutane suka taru: tasha, bakin kasuwa, mashigar gari, harabar asibiti da sakatariya a Mahuta, da makamantansu a manyan ƙauyukan kan hanya. Kuma kada a shimfiɗa su a ƙasa a kewaye da waya. A ɗaga su sama a kan ƙarafa, mita uku ko fiye, su zama rumfa. Fasinja ya jira mota a ƙarƙashi, mai lemo da mai ƙosai su sami inuwa, 'yan acaba su jera baburansu. Ba a ƙwace filin daga hannun kowa ba, an ma ƙara masa daraja. Akuya ba ta kai wa ga waya, gobarar daji ba ta zuwa, kuma wurin da 'yan kamasho da masu shayi ke kwana ba ya rasa ido. Ƙarfen rumfa ya fi na shimfiɗa a ƙasa tsada, gaskiya ne, kuma dole a yi shi da ƙwari saboda guguwar farkon damina da ke yaye rufin makarantu. Amma abin da aka kashe a ƙarfe an rage shi a shinge da diyya da gadi. Indiya ta bi wannan tunani a 2012, lokacin da jihar Gujarat ta rufe mita 750 na wani magudanin ban-ruwa da farantai na megawat 1: ba a taɓa gonar kowa ba, ruwan da rana ke shanyewa ma ya ragu. A nan kusa, a kasuwar Sabon Gari ta Kano, a kan rufin kasuwar aka ɗora farantan da aka fara raba wa shaguna wuta da su a 2018.

Akwai fili iri ɗaya a bakin hanya da za a iya cewa ba a cin moriyarsa sosai: wuraren da kamfanonin titi suka ɗebi marmara suka tafi suka bari. Ƙasar sama ta tafi, shuka ba ta yi. Wanda ya zama kududdufi shanu na sha, a bar musu. Wanda yake tudu ne, kuma yana kusa da gari, a baje shi, ya ɗauki kilowat ɗari ko biyu a dunƙule. In an killace irin wannan, tumaki za su iya cin ciyawar ƙarƙashi kamar yadda ake yi a Turai, su rage haɗarin gobara. Awaki kam a'a, suna hawa kuma suna tauna waya. Masu shanya kuwa rana suke nema, rumfa ba ta yi musu ba. Kamata ya yi duk inda aka kafa tasha a zuba musu dandamalin siminti a gefe, hatsi ya bar kan kwalta, ya rabu da tsakuwa da baƙin mai, yaran da ke gadinsa su bar bakin mota.

Ta fuskar doka hanya a buɗe take fiye da da. Hukumar kula da harkar lantarki, NERC, ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshi masu zaman kansu tun 2016, ta sabunta a 2023; wadda ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai take buƙata, kuma akwai tsarin da mai tasha zai yi yarjejeniya da kamfanin rarraba wuta, wanda a Kebbi shi ne Kaduna Electric, ya yi amfani da wayoyin da ke garin. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda hukumar samar da wuta a karkara, REA, ke gudanarwa, kuma irin waɗannan tashoshi yake tallafawa. Abin da ya rage shi ne takardar filin. Haƙƙin titin tarayya yana hannun Ma'aikatar Ayyuka, ƙasa kuwa bisa dokar 1978 tana hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma na da ta cewa. Babu mai zuba kuɗinsa na shekara ashirin a wurin da wata rana za a zo a shafa masa jan fenti. Sai an zauna an rubuta: nan ne iyaka, shekara kaza, in za a faɗaɗa titi ga wanda zai ɗauki nauyin matsarwa.

Kada kuma a yaudari jama'a da cewa kyauta ce. Rana ce kyauta, faranti da inbata da batir da albashin mai gyara ba kyauta ba ne. Yunit ɗin ƙaramar tasha yakan fi na kamfani tsada, ya fi na janareta araha, kuma da mita mai kati ake sayar da shi. Gara a faɗi haka a gaban hakimi da dagatai tun ranar farko. Aikin da aka ƙaddamar da kiɗa aka ce kyautar wane ce, shi ne wanda ke mutuwa ranar da fis ɗin farko ya ƙone. Mai gyaran ma ya zama ɗan gari, wanda za a buga wa waya ya zo a kan babur, ba wanda za a jira daga Kaduna ko Legas ba. Wuraren horar da shi suna nan: Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wadda tun farkon shekarun 1980 take aiki a kan hasken rana.

Lokaci ne ke da ɗan ƙuranci. Sabon titi yana jawo mutane. Da kwalta ta kwanta, cikin 'yan shekaru shaguna da gidajen mai za su cike duk wata mashigar gari, filin da yau za a samu da gaisuwa gobe sai da diyya. Yanzu ne ya kamata ƙaramar hukumar Fakai ta zauna da masarauta, da arɗo, da shugabannin direbobi da na kasuwa, da matan da ke shanya, a bi hanyar a ƙasa, a nuna inda burtali ya bi a bar shi, a nuna wurare huɗu ko biyar da za a keɓe wa rumfunan wuta a kafa musu alama. Haka nan babban titin Sakkwato zuwa Badagiri mai kilomita 1,068, wanda aka ƙaddamar a Oktoban 2024 kuma zai ratsa Kebbi: tun ana zuba ƙasa ya kamata a binne bututun da waya za ta bi ta ƙarƙashinsa a kowane gari, a kuma bar wa shanu mashiga a inda aka san suna tsallakawa. A lokacin gini kuɗin bututun bai taka kara ya karya ba. In an bari sai an gama, sai an fasa sabuwar kwalta kafin wutar da ke wannan gefe ta kai ga injin niƙan da ke wancan.